Yadda Ake Neman Takardun Gwamnati a Zariya da Dokar 'Yancin Samun Bayanai

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin da ake rabawa duk wata tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi suka ƙaru ƙwarai a lissafin naira. Sai kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024, cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Daga teburin mai shayi a Ƙofar Doka har rumfunan kasuwar Samaru, musun da ake yi ke nan: kuɗin suna isowa kuwa, kuma me ake yi da su? Yawanci musun yakan ƙare da "wai". Wannan ya ce wai an ba da kwangilar rijiyar unguwarsu an cinye, wancan ya ce ƙarya ne ko sisi ba a saki ba, a tashi babu mai takarda a hannu.

Akwai doka da ta ba kowa damar ganin takardar da idonsa. Ita ce Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda aka fi sani da FOI, da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ranar 28 ga Mayu, 2011. Shekaru da dama jihohi suna cewa ta tarayya ce, ba ta hau kansu ba sai majalisarsu ta yi tata. A watan Afrilu na 2025 Kotun Ƙoli ta raba wannan gardama a wata shari'a da ta taso daga Jihar Edo, ta ce dokar ta hau kan hukumomin jihohi ma. Saboda haka ma'aikatun Jihar Kaduna da sakatariyar Ƙaramar Hukumar Zariya da ta Sabon Gari duk ana iya rubuta musu, kamar yadda ake rubuta wa hukumomin tarayya da suka cika garin nan.

Abu uku ya kamata ku riƙe daga dokar tun kafin ku ɗauki biro. Sashe na 1 ya ce mai nema ba sai ya faɗi dalilinsa ba, kuma ba sai ya nuna abin ya shafe shi ba. Sashe na 4 ya ba hukuma kwana 7 ta bayar ko ta faɗi a rubuce dalilin hanawa. Sashe na 20 kuma ya ba wanda aka hana kwana 30 ya kai ƙara kotu.

Ku fara gano mai aikin

Mafi yawan wasiƙun da ke mutuwa, a nan suke mutuwa. Mutum ya ga gini a unguwarsu sai ya rubuta wa ciyaman, alhali aikin na jiha ne ko na tarayya. Ku je wurin aikin tukuna ku ɗauki hoton allon kwangila, in akwai shi. A jikinsa ake rubuta sunan aikin, da hukumar da ta bayar, da kamfanin da aka ba, wani lokaci har da lambar kwangila da shekara. Ku ɗauka da wuri, domin waɗannan alluna ba sa daɗewa: damina ɗaya fenti ya kaɗe, ko wani ya cire ya yi ƙyauren shago da shi.

Ajin firamare da kujerunsa galibi ta hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha suke fitowa, wato SUBEB, sau da yawa da tallafin UBEC ta tarayya. Ƙaramin asibitin mazaɓa yana ƙarƙashin hukumar lafiya a matakin farko ta jiha, kuma wasunsu suna samun kuɗi kai tsaye daga asusun kula da lafiya da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa. Ruwan famfo na hukumar ruwa ta jiha ne. Rumfunan kasuwa, kwalbati, kwashe shara da kuɗin tikitin da ake karɓa a kasuwa da tasha, a nan ne ƙaramar hukuma ta fi shigowa. Ku kuma lura da iyaka: Tudun Wada, Gyallesu, Kwarbai, Limancin Kona da Tukur-Tukur na Ƙaramar Hukumar Zariya ne, amma Samaru, Basawa, Hanwa, Muciya da Dogarawa na Sabon Gari ne. Baki yana ce musu Zariya duka, takarda kuwa ba ta yarda da haka.

Aikin mazaɓa na 'yan majalisar tarayya shi ya fi rikita mutane. Za ku ga hoton ɗan majalisa a allo, amma shi ba ya riƙe fayil ɗin. A kasafin kuɗi ana ɗora irin wannan aiki a ƙarƙashin wata hukumar tarayya, wani lokaci wadda aikinta bai da alaƙa da abin ko kaɗan, kamar a ga fitilun titi masu aiki da hasken rana a ƙarƙashin cibiyar bincike ko kwalejin noma. Waccan hukumar ce ta ba da kwangilar, ita ta biya, ita za ku rubuta wa. Kasafin tarayya yana shafin Ofishin Kasafin Kuɗi na Tarayya, na jiha kuma yana shafin Hukumar Tsare-Tsare da Kasafi ta Kaduna. A buɗe fayil ɗin a kwamfuta, a bincika sunan unguwa da rubutun Turanci iri-iri, domin Unguwar takan zama Anguwan ko Ung., Ƙofar takan zama Kofan.

Abin da aka riga aka wallafa, kada ku ɓata wasiƙa a kansa. Kason da kowace ƙaramar hukuma ta samu daga asusun tarayya, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da Ofishin Akanta-Janar suna fitar da shi wata-wata. Ku ɗauko shi can, sannan ku tambayi abin da ba a wallafa ba: nawa ya shiga asusun ƙaramar hukumar, kuma a kan me aka kashe.

Rubuta wasiƙar

Ku nemi takarda, kada ku nemi bayani. Wannan shi ne gishirin aikin duka. Idan kuka rubuta "ku gaya mana dalilin da ya sa rijiyarmu ba ta aiki", za a ba ku amsa layi biyu cewa ana duba lamarin, kuma an amsa ke nan. Idan kuka ce a ba ku kwafin takardu kaza da kaza, to ko dai a bayar, ko a ce babu su, ko a hana a rubuce, kuma kowanne daga cikin ukun nan abin riƙewa ne.

A kan aikin kwangila, takardun da ke da amfani su ne: tallan neman 'yan kwangila, takardar ba da kwangila mai ɗauke da sunan kamfani da jimillar kuɗi da wa'adi, takardar ƙididdigar kaya da farashinsu, wadda injiniyoyi ke kira BOQ, baucocin biya da ranakunsu, har da na kafin alƙalami, da takardar shaidar kammala aiki. A kan kuɗin shiga kuwa, a nemi jimillar abin da aka tara a kasuwa kaza daga wata kaza zuwa wata kaza, da shaidar zuba shi a banki, da yarjejeniyar da aka yi da duk wani kamfani da aka ba karɓar kuɗin.

Ga yadda jikin wasiƙar zai kasance:

"Bisa sashe na 1 da na 4 na Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, ina neman a ba ni kwafin waɗannan takardu game da aikin rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana da ke layin kaza, unguwa kaza, mazaɓa kaza, wanda aka bayar a shekara kaza: 1. takardar ba da kwangila, 2. BOQ, 3. duk baucocin biya, 4. takardar shaidar kammala aiki. Idan wata takarda ba ta hannunku, ina roƙon a tura buƙatar ga hukumar da ke riƙe da ita bisa sashe na 5, a sanar da ni a rubuce. A shirye nake in biya kuɗin kwafi bisa sashe na 8. Ina sa ran amsa cikin kwana 7."

Shi ke nan. A sa kwanan wata, cikakken suna, adireshin da za a same ku, lambar waya da imel in akwai, sannan a sa hannu. Dokar ba ta gindaya harshe ba, amma da Turanci fayilolin ofis suke tafiya, don haka a sa wani ya mayar da ita Turanci, ku kuma ku riƙe ta Hausar don kowa a unguwa ya san abin da aka nema. Kanun wasiƙar ya fito fili cewa buƙata ce a ƙarƙashin dokar FOI, in ba haka ba za a jefa ta cikin tarin takardun neman taimako. A rubuta ta zuwa ga shugaban hukumar da muƙaminsa, ba da sunansa ba, a ƙara da cewa ta hannun jami'in FOI.

Aiki ɗaya, wasiƙa ɗaya, tambaya kada ta wuce biyar ko shida. Wanda ya nemi "duk kwangilolin da aka bayar tun 1999" ya miƙa wa hukuma hujja da hannunsa, domin sashe na 6 ya yarda a ƙara wa'adi idan takardun suna da yawa. Kada kuma a sa zargi ko baƙar magana a ciki. Ma'aikacin da zai buɗe fayil ɗin ɗan'uwanku ne, wataƙila sahu ɗaya kuke sallah, kuma yawancinsu ba su da hannu a abin da kuke bincike. Wasiƙa mai ladabi ta fi saurin wucewa daga tebur zuwa tebur, kuma in an je gaban alƙali ita za a fara karantawa.

Wa zai sa hannu? In ƙungiyar unguwa ba ta da rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ya fi kyau mutum biyu ko uku su sa sunayensu na kansu. Dalili shi ne idan magana ta kai kotu, lauyan hukuma zai fara da cewa ƙungiyar ba ta da hurumin kai ƙara, a ɓata watanni a kan wannan kaɗai. Wanda bai iya rubutu ba, ko mai lalura, sashe na 3 ya yarda wani ya nema a madadinsa, har ma ya ce in an nema da baki jami'i ya rubuta ya ba mai nema kwafi. Duk da haka rubutacciya ta fi tsaro. Mata masu ƙungiyoyin adashi da na islamiyya su ma suna da wannan dama daidai da kowa, kuma su suka fi sanin ko akwai magani a asibitin mazaɓa ko babu.

Hatimi da ƙirgen kwana

Ku buga kwafi uku. Ku kai ofishin karɓar wasiƙu, wato rajistiri, ku ba da ɗaya, a buga muku hatimin karɓa a kan ɗaya, mai kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa. Ku duba kwanan watan kafin ku bar teburin, domin wani hatimin ba a juya lambobinsa ba tun makon jiya, wani kuma tawadarsa ta bushe ba a ganin komai. In haka ne a rubuta da biro a gefe. Nan take ku ɗauki hotonsa da waya ku tura wa mutum biyu. Wannan kwafi mai hatimi shi ne shari'arku gaba ɗaya. Wasiƙar da aka ba masinja a bakin ƙofa, ko aka ba kansila ya kai don ana mutunci, da wuya a tabbatar wa kotu cewa an kai ta.

Ku je tsakanin Litinin da Laraba da hantsi. A Disamba 2021 gwamnatin Kaduna ta shigo da tsarin aikin kwana huɗu a ofisoshinta, kuma ko ba don haka ba Juma'a da jajibirin Sallah ba ranakun kai takarda ba ne. Idan aka ƙi karɓa, ko aka ce a karɓa amma ba za a buga hatimi ba, kada ku tsaya cacar baki. Ku tafi gidan waya ko kamfanin aika saƙo mai ba da shaidar isarwa, ku aika, ku adana rasit da takardar da ke nuna ranar da aka karɓa. Hukumar da ke Kaduna ko Abuja ma haka za a yi mata, a haɗa da imel.

Daga nan sai ƙirge. Kwana 7 ne. Hukuma tana iya ƙara wasu kwanakin da ba su wuce 7 ba, amma sai ta sanar da ku a rubuce da dalili. Idan ta ga wata hukumar ce ta fi cancanta, tana iya tura buƙatar can cikin kwana 3, kada ya wuce 7, ta sanar da ku. Idan wa'adi ya cika shiru, sashe na 7 ya ce shirun nan hanawa ne, kuma daga ranar kwana 30 na zuwa kotu suka fara tafiya. A nan mutane da yawa suke faɗawa rami: a yi ta ce musu "ku dawo mako mai zuwa, oga ya yi tafiya", su yi ta sintiri har wata biyu, lokacin kai ƙara ya wuce. Kotu tana da ikon ƙara lokaci, amma sai an roƙa an kawo dalili. Ku rubuta ranar cikar wa'adi a bayan kwafinku. Ku aika takardar tuni guda ɗaya a kwana na 8 ko na 9, ita ma da hatimi. In lokaci ya riga ya ƙwace, hanya mafi sauƙi ita ce a sake sabuwar wasiƙa, ƙirge ya faro daga farko.

Kuɗin da doka ta yarda a karɓa shi ne na buga kwafi, da na mayar da bayani rubuce in ya zama dole, shi ke nan. Babu kuɗin bincike, babu kuɗin fom, babu na goro. Ku biya ta hanyar da za a ba ku rasit na hukuma.

In an hana

Doka ta keɓe wasu abubuwa: tsaron ƙasa da hulɗa da ƙasashen waje, binciken da jami'an tsaro ke cikin yi, bayanan sirrin mutum kamar fayil ɗin majinyaci ko na ɗalibi, sirrin kasuwancin wani kamfani, da abin da ke tsakanin lauya da wanda yake karewa. Mai hanawa dole ya ambaci sashen da ya dogara da shi. "Wannan sirrin gwamnati ne" ba amsa ba ce, domin sashe na 28 ya ce buga wa takarda tambarin sirri bai isa ya hana bayar da ita ba. Idan wani ɓangare na takarda ne kawai ya faɗa cikin keɓaɓɓun, sashe na 18 ya ce a rufe wannan a ba da sauran. An fi fakewa da sirrin kasuwanci a kan kwangila, amma kuɗin da aka biya daga baitulmali suna cikin abin da sashe na 2 ya ce hukuma ta bayyana da kanta ko ba a tambaya ba.

Ana kai ƙara Babbar Kotun Jiha ko Babbar Kotun Tarayya. Nauyin kawo hujja yana kan hukumar da ta hana, ba a kanku ba. Hanawa ba bisa ƙa'ida ba laifi ne mai tarar N500,000, kuma jami'in da ya lalata takarda ko ya sauya ta da gangan yana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara ɗaya ba. Gaskiya shari'a tana cin lokaci da kuɗi. Kafin a kai can, ku aika kwafin wasiƙar da ta tuni zuwa Hukumar Karɓar Koke-Koken Jama'a, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, da ofishin Antoni-Janar na Tarayya wanda doka ta ɗora wa sa ido a kan aiwatar da ita. Don neman lauya, a tuntuɓi reshen ƙungiyar lauyoyi na Zariya ko Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo. Ƙungiyoyi irin su Media Rights Agenda da SERAP sun daɗe suna irin wannan shari'a.

Kuɗin gwamnati da ke shiga harkar addini ma ana tambayarsu, ko da yake mutane suna jin nauyi. Ciyarwar azumi, kujerun Hajji da na masu ziyarar Kirista da gwamnati ke biya, tallafin gyaran masallaci ko coci, duk kuɗin jama'a ne. Wanda ya nemi sanin buhu nawa aka saya da cibiyoyin da aka kai bai taɓa addini ba, amana yake bi. Sai dai a tsaya a kan adadi da farashi da wuraren rabo, a bar sunayen talakawan da suka karɓa, domin wannan mutuncinsu ne. A garin da Musulmi da Kirista suke cin kasuwa ɗaya kamar Sabon Gari, ya fi kyau irin wannan wasiƙa ta fito da sa hannun ɓangarorin biyu, don kada a juya ta ta zama wata magana daban.

Idan takardun sun zo

Kada ku ruga Facebook a ranar. Ku fara bambanta abu uku da ake yawan cakuɗawa: kuɗin da aka sa a kasafi, kuɗin da aka saki, da kuɗin da aka biya ɗan kwangila. Aiki yana iya fitowa a kasafi da miliyoyi amma ba a saki komai ba, ko a saki kashi kaɗan. Mutane da yawa sun zargi bayin Allah da sata a kan lambar da suka gani a kasafi kawai.

Sannan ku ɗauki BOQ ku je wurin aikin da wanda ya san sana'ar, magini ko mai haƙar rijiya ko mai haɗa sola, da tef na awo. Takarda ta ce tanki mai lita nawa, guda nawa? Faifan sola nawa aka rubuta, nawa ne a kan ƙarfen? Kan famfo nawa? In aji ne, a duba kaurin kwanon rufi, da silin, da yawan tagogi da kujeru. A ɗauki hoto mai kwanan wata. A duba ranar takardar kammala aiki a gwada da ranar biya na ƙarshe. A bincika sunan kamfanin a shafin CAC, binciken suna kyauta ne, a ga ko yana da rajista da shekarar da aka yi ta.

Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba ku 'yancin faɗin abin da kuka gano, amma bai ɗauke dokar ɓata suna ba, wadda a Arewa take iya zama ƙarar diyya kuma take iya zama tuhumar laifi. Akwai kuma sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, da aka sha kama 'yan jarida da masu rubutu da shi. An yi masa gyara a 2024 aka taƙaita shi, amma har yanzu ya hau kan wanda ya yaɗa abin da ya san ƙarya ne don tayar da hankalin jama'a. Don haka ku faɗi abin da takarda ta ce da abin da ido ya gani, ku tsaya nan: "BOQ ta ce tanki biyu, mun je ranar kaza mun ga ɗaya, ga hoto." Kalmar ɓarawo ku bar wa kotu. Ku rufe lambobin asusun banki da na waya kafin ku sa hoton takarda. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta yi umarni da a tabbatar da labari kafin a ɗauki mataki a kansa, kuma hakan ya haɗa da ba wanda abin ya shafa dama: a rubuta wa hukumar abin da aka gani, a ba ta mako guda ta yi bayani, in ta amsa a wallafa amsar tare da naku.

Ku sanar da mai unguwa da kwamitin ci-gaban mazaɓa kafin magana ta fita waje, domin sau da yawa ɗan kwangila yakan dawo ya ƙarasa aiki da zarar ya ji takardun suna hannun jama'a. In giɓin babba ne kuma an ƙi gyarawa, a rubuta koke zuwa hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC, wadda ke da shirin bin diddigin ayyukan mazaɓu, ko EFCC, ko Babban Mai Binciken Kuɗi na Ƙananan Hukumomi na jiha idan aikin na ƙaramar hukuma ne. A haɗa kwafin wasiƙa mai hatimi, da amsar hukuma, da hotuna, a jera su bisa kwanan wata. Kwafi ake bayarwa ko'ina. Na asali su zauna cikin leda a hannun mutum ɗaya amintacce, hotunansu kuma a wayar mutum uku.